Canza furosesa ko barinta: abin da mai wasa da mai tace bidiyo a Kumasi ya kamata ya auna tukuna

A zangunanmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zango, kwamfuta ɗaya ce ke ɗaukar aiki biyu. Da rana ana haɗa katin biki a CorelDRAW, ana tace bidiyon suna ko na Maulidi a Premiere Pro. Bayan isha'i kuma a kunna EA Sports FC ko Warzone. Da ta fara nauyi, abin da ke zuwa bakin kowa shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta tsufa. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa laifin yana wani wuri, sai mutum ya zuba sidi masu yawa ya dawo gida ya tarar da nauyin na nan inda ya bar shi. Shi ya sa nake ganin kada a taɓa sukudireba sai an yi awo, kuma awon bai fi aikin rabin sa'a ba.

Mu fara da wasa. Saka manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner da ke zuwa da shi, ka sa ya riƙa nuna maka abu huɗu a gefen allo: yawan firam, wato hotunan da wasa ke fitarwa, a daƙiƙa, kason aikin katin girafik, zafin furosesa, da yawan RAM da ake ci. Shiga wasan da ya fi damunka, ka je daidai wurin da yake sarƙewa. In ka ga katin girafik ya tsaya tsakanin kashi 95 zuwa 99 cikin ɗari, to shi ne ya kai maƙura, furosesa tana zaune tana jiransa. Ko wace iri ka sayo, canjin da za ka gani kaɗan ne. In kuwa katin yana yawo a kashi 60 ko 70, firam kuma ba ya kai yadda kake so, to akwai abin da ya riƙe shi, kuma galibi furosesa ce ko RAM.

Akwai gwaji na biyu da ya fi wannan yanke hukunci. Rage girman hoton wasan daga 1080p zuwa 720p, ka bar sauran saituna yadda suke. Rage hoto katin girafik yake sauƙaƙa wa aiki, furosesa kuwa aikinta yana nan: lissafin motsin 'yan wasa, inda harsashi ya faɗa, abin da ke shigowa ta intanet. In firam ya yi tsalle sama, katin ne ke ja da baya. In ya tsaya cak a inda yake, ka kama furosesa dumu-dumu.

Kada adadin da Task Manager ke nunawa ya ruɗe ka. Furosesa mai ƙwaya 6 (ƙananan injinan lissafi da ke cikinta) da zare 12 (layukan aikin da suke ɗauka lokaci guda), in zare ɗaya ya cika maƙil sauran suna hutawa, jimillar da za ka gani ba ta wuce kashi 8 da ɗoriya ba. Wasanni da yawa suna jibge babban aikinsu a kan zare ɗaya ko biyu, don haka kana iya ganin kashi 40 alhali furosesar ta riga ta ƙure. Danna dama a kan zanen, ka sa ya nuna kowane zare daban. Sannan ka tuna monita. Mai 60Hz ba ta nuna fiye da firam 60 a daƙiƙa, wato kowane firam yana da milisakan 16.7. Wanda ke samun firam 90 a kan irin wannan monita, ya sayi furosesar da za ta ba shi 140, idonsa ba zai ga ƙarin ba sai ya sayi monita mai 144Hz. Inda sabuwar furosesa take nuna kanta ko a 60Hz shi ne wajen cijewar nan ta ɗan lokaci, idan aka shiga cunkoso ko bam ya tashi hoto ya daskare na ƙiftawar ido.

Aikin ƙirƙira ba kansa ɗaya ba. Photoshop da CorelDRAW sun fi son ƙwaya mai sauri a kan ƙwayoyi masu yawa, don haka mai ƙwaya 6 ta sabon zamani takan fi mai ƙwaya 12 ta tsohon zamani daɗin hannu. FL Studio ma haka yake in aka jera kayan gyaran sauti da yawa a kan layi ɗaya, domin dole su bi juna ɗaya bayan ɗaya. Blender kuwa, in da furosesa ake fitar da hoto, kowace ƙwaya da ka ƙara aiki take yi, kodayake katin girafik mai kyau yakan riga ta gamawa. DaVinci Resolve ya fi jingina da katin girafik wajen gyaran launi.

Masu bidiyon biki su ne suka fi faɗawa kuskure. Abin da ke sa layin tacewa ya riƙa tsalle sau da yawa irin bidiyon ne. Wayoyi da kyamarorin yanzu suna ɗauka da H.265, wanda ke matse hoto sosai, kuma kwance shi aiki ne mai nauyi in ba a samu ɓangaren da aka ƙera don haka ba. Furosesoshin Intel masu ɗauke da girafik a ciki suna da irin wannan ɓangare mai suna Quick Sync, kuma daga zamani na 11 zuwa sama yana iya kwance H.265 mai 10-bit 4:2:2 da wasu kyamarorin Sony da Canon ke fitarwa. To a nan ne harafin F ke cutar mutane. i5-12400F da i5-12400 ƙarfinsu ɗaya, amma mai F ba ta da girafik a ciki, saboda haka ba ta da Quick Sync. Mai wasa zalla ya ɗauki mai F ya rage kuɗi. Mai tace bidiyo ya cika ɗan bambancin ya ɗauki maras F. Kafin duk wannan ma, gwada furoksi: Premiere da Resolve duka suna iya yi maka ƙaramin kwafi mai sauƙi ka yi aiki a kansa, sai wajen fitarwa su koma kan na asali. Kyauta ne, kuma yana warware matsalar mutane da yawa.

Duba RAM ma kafin ka zargi kowa. Sanda ɗaya ta 16GB tana ba furosesa rabin hanyar da sanduna biyu na 8GB za su ba ta. A madabod (babban allon da ake dasa furosesa da RAM a kansa) mai ramuka huɗu, sanduna biyu suna zama a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa. Kuma RAM da aka rubuta wa 3200 a jiki yakan tashi a 2133 ko 2400 har sai ka shiga BIOS, wato shafin saitunan madabod, ka kunna saitin gudun RAM mai suna XMP, wanda Asus ke kira DOCP a madabod na AMD. Buɗe manhajar CPU-Z ka duba. Mai aikin 4K da 16GB, ƙarin zuwa 32GB zai fi masa sabuwar furosesa amfani. Wanda Windows ɗinsa ke kan tsohon faifan hard disk mai juyawa kuwa, SSD ne maganinsa na farko.

To, a ce awo ya nuna furosesar ce. Yanzu magana ta koma hannun madabod, domin shi ke faɗin abin da zai shiga.

Masu AMD a soket AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a madabod) su ne suka fi sa'a. Soket ɗin ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa jerin 5000. Wanda ke da Ryzen 5 1600 ko 2600 a kan B450 zai iya saka Ryzen 5 5600, mai ƙwaya 6 da zare 12 da wat 65, ba tare da ya canza RAM ko madabod ba, kuma bambancin a fili yake a wasa da Photoshop duka. A 2022 AMD ta buɗe wa tsofaffin A320 da B350 da X370 ƙofa su ma, muddin kamfanin madabod ɗin ya fitar da BIOS ɗin. A kula da sunaye masu kama da juna: 5500 da 5600G suna da ma'ajiyar L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, ta 16MB kawai, rabin ta 5600, kuma sun tsaya a PCIe 3.0. Ga mai katin girafik, 5600 ta fi su.

Tambayar da ta fi wahala ga mai aiki biyu ita ce tsakanin 5700X da 5700X3D. Dukansu ƙwaya 8 ne da zare 16. Mai X3D an ɗora mata ƙarin ma'ajiya har ta kai 96MB, kuma wasanni suna matuƙar son wannan, musamman irin su Warzone da PUBG. Sai dai an rage mata gudu: tana tsayawa a 4.1GHz, ita kuwa 5700X tana kai 4.6GHz. Wajen fitar da bidiyo da Blender, 5700X ce ke gaba, ga ta da wat 65 a maimakon 105, ga sauƙin kuɗi. A ganina, wanda kwamfutar ce ke ciyar da shi, wasa kuma na hutun dare ne, 5700X ta ishe shi. Wanda gasa yake bugawa a monita mai 144Hz ko fiye, X3D tasa ce in ya same ta. Akwai 5900X mai ƙwaya 12 da 5950X mai 16 ga mai fitar da aiki dare da rana, amma kada a ɗora su a kan ƙaramin A320. Sassan da ke tace wa furosesa wuta, waɗanda ke jere gefen soket, a irin wannan madabod tsirara suke babu ƙarfen sanyaya, za su yi zafi su tilasta wa furosesar rage gudu a tsakiyar aiki.

Intel ta fi yawan canza soket. LGA1200 na zamani na 10 da 11 ne, LGA1700 na 12 da 13 da 14. Tarkon yana LGA1151: zamani na 6 da 7 suna aiki da madabod jerin 100 da 200, na 8 da 9 kuma sai jerin 300. Furosesar za ta zauna daram a ramin, amma ba za ta tashi ba. Mai i3-12100 ko i5-12400 yana da hanyar hawa zuwa i5-13600K mai ƙwaya 14, ko i7-14700K mai ƙwaya 20 wadda ke iya jan wat 253. Game da zamani na 13 da 14 akwai abin da ya wajaba a sani. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu daga cikin manyan furosesoshin nan suna neman wutar da ta wuce kima, suna lalacewa a hankali har wasa ya riƙa rufewa da kansa. Ta fitar da gyaran 0x129 sannan 0x12B ta hanyar BIOS, ta ƙara garanti da shekara biyu. Gyaran yana kare lafiyayyiya, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Don haka sayen i7 ko i9 na waɗannan zamunna a hannu, babu rasit, kasada ce da ban ba kowa shawara ba.

Idan kuwa hanyar soket ɗinka ta ƙare, ka daina kiran abin canjin furosesa. AM5 da LGA1851 DDR5 kaɗai suke karɓa, saboda haka furosesa da madabod da RAM za ka saya a lokaci guda. Wannan sabuwar kwamfuta ce a tsohon akwati, kuma da haka ya kamata ka yi lissafin kuɗinta.

Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu na ofis ne da aka shigo da su na hannu: Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ana iya ɗaga i5-8500 zuwa i7-8700, a tashi daga zare 6 zuwa 12 a wat 65 ɗin dai, kuma hakan yana taimakon mai bidiyo. Amma ƙananan akwatunan suna zuwa da fawa safulai, wato akwatin ba da wuta, mai kimanin wat 180 zuwa 240, da wayoyi irin na kamfanin kaɗai, BIOS ɗinsu kuma iya furosesoshin da kamfani ya lissafa yake karɓa. Mai zamani na 6 ko 7 ya yi tunani sau biyu: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zamani na 8 ko Ryzen 2000 yake farawa. Sayen i7-6700 a yau zuba kuɗi ne a injin da aka riga aka rufe wa ƙofa.

Sai zafi da ƙura da wuta, waɗanda masu gwaji a Amurka da Turai ba sa fama da su kamar mu. Su a ɗakuna masu sanyi suke awo. A Kumasi, a watan Fabrairu da Maris, rana tana haura digiri 30, shagon da ke ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka. Duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙaru, kusan digiri ɗaya ne ke ƙaruwa a kan furosesa. Ta Intel tana rage gudu a digiri 100, 5600X a 95, 5800X3D a 90. Bayan hunturu ka cire fanka ka haska tocila tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya: za ka ga jar ƙura ta dunƙule kamar auduga, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya, man ɗaukar zafi da ke tsakanin ƙarfen da furosesa kuma ya bushe yana farfashewa kamar busasshen laka. Kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa wannan ne ciwonsu. Hure ta da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka sa sabon mai, ka sake gwadawa da manhajar Cinebench na minti goma kana kallon zafi a HWiNFO. In kuma za ka hau zuwa wat 105 ko fiye, sa kuɗin babbar na'urar sanyaya mai hasumiya a lissafi, domin masu X3D da masu K ba sa zuwa da fanka a kwali. Mitar wuta ma za ta ji a jikinta: ƙarin wat 100 na awa 6 kullum, yunit 18 ke nan a wata.

Wajen saye, ko a shagunan Adum ne, ko Circle a Akara, ko ta kasuwar intanet ta Jiji, ƙa'idar ɗaya ce: kada kuɗin MoMo ya fita daga wayarka sai ka ga abin yana aiki. Ka ce, “Maigida, a ɗora ta a kan bod mu gani.” Buɗe CPU-Z ka tabbata sunan da ya fito ya yi daidai da na jikin murfin, domin ana goge rubutu a sake bugawa, ana ma liƙa murfin babba a kan ƙarama. Wadda aka rubuta wa Intel Confidential samfurin gwaji ce, ka bar ta. Ta AM4 ƙafafunta 1331 a jikinta suke: karkata ta a haske ka bi layi-layi, wadda ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli daban da 'yan'uwanta. Ƙafa ɗaya da ta karye tana iya kashe ramin RAM guda ko biyu alhali kwamfutar tana tashi lafiya, saboda haka a gwada da sanduna biyu.

Ranar aiki, BIOS ne farko, tun tsohuwar furosesa tana ciki. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: a saka sabuwa, fanka ta juya, allo ya yi baƙi, a ce an sayar wa mutum matacciya, alhali madabod ne bai san ta ba. Nemi cikakken sunan madabod ɗinka da lambar bita da ke jikinsa, ka duba jerin furosesoshin da yake karɓa a shafin kamfanin, ka sauke BIOS ɗin a filashi da aka tsara da FAT32. Karanta bayanin da ke tare da shi, domin wasu sai an bi ta wani tsani kafin a kai na ƙarshe, wasu tsofaffin AM4 kuma sabon BIOS yana cire tallafin tsofaffin furosesoshi saboda ƙarancin wuri. Kada ka yi wannan aiki sai a kan UPS. Dumso, wato ɗaukewar wuta, ta minti ɗaya a tsakiyar rubuta BIOS tana iya kwantar da madabod. UPS mai 650VA abin da yake bayarwa bai kai wat 400 ba. Ya isa wannan aikin, amma ba zai riƙe babbar kwamfuta tana tsakiyar wasa ba.

Kafin ka kashe, dakatar da BitLocker, wato kwaɗon da Windows ke kulle faifai da shi, in yana kunne, ko ka rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda. Makullin tsaro na TPM a kwamfutoci da yawa yana ɗaure da furosesa ne, in ta canza Windows zai nemi wannan lamba, PIN ɗinka ma sai ka sake shi. Aikin mutane na biki da ke cikin faifan yana iya kullewa a kan wannan kaɗai.

Bar kwamfutar ta yi aiki minti goma don man ya yi laushi, sannan ka kashe, ka zare waya daga bango, ka danna maɓallin kunnawa don sauran wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin. Kwance sukurori a gicciye, kaɗan-kaɗan. A AM4 kada ka fizgo fankar sama: murɗa ta hagu da dama a hankali har ta saki, in ba haka ba furosesar za ta biyo ta manne, ta fito daga soket a kulle, ƙafafu su lanƙwashe. A Intel da AM5 ƙafafun a cikin soket suke, sirara kamar gashi, ko bakin hannun riga ya shafe su an yi asara. Daidaita ɗan alwatikan zinare da ke kusurwa da na soket, ka ajiye ta ta zauna da nauyin kanta, babu dannawa. Goge tsohon mai da sifirit na isopropyl, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. In fankar sabuwa ce, ɓare ledar da ke ƙasanta. Mayar da wayarta a inda aka rubuta CPU_FAN, ka tabbata wayar wuta mai ƙafa 8 da ke saman madabod ta shige.

Tashin farko yakan ɗauki lokaci, a DDR5 har 'yan mintuna allo na baƙi yana gwada RAM, kada ka kashe. In ta ƙi, duba inda ka soka wayar monita: 5600 da 5700X da duk mai F ba su da girafik, dole sai ta jikin kati. In har yanzu shiru, cire ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na minti biyar ka mayar, ka gwada da sandar RAM ɗaya. Da ta tashi, sake kunna XMP domin sabunta BIOS yana goge shi, saka direban cifset, sannan ka koma wurin nan na wasan da ka auna da farko, ka fitar da bidiyon nan dai da ka riƙe lokacinsa, ka kwatanta. Tsohuwar furosesar kuma a sa ta a robar da sabuwar ta zo a ciki, a riƙe ta mako biyu kafin a kai ta kasuwa, ko da sabuwar za ta nuna wani hali.